Turancin Gwaggo

Kwalbar man shanu. Ƙwan zabi a cikin ƙwarya, an jera su a kan dusa. Ƙullin daddawa. Goro a bakin zane. Abin da Ramatu ta ɗauko daga Banga ke nan, sai wata magana ta Turanci da take ta juyawa a baki tun fitowarta gida, don kada ta zube mata a hanya.

A-kori-kurar ta cika maƙil. Tun da aka fara Shari'a direban ya ɗaura igiya a tsakiyar bodi, maza gaba, mata baya, awaki kuwa duk inda suka samu. Duk ramin da motar ta faɗa sai Ramatu ta dafe ƙwaryar da hannu biyu, leɓunanta na motsi. Matar da ke kusa da ita ta ɗauka tasbihi take yi, ta ƙyale ta.

Iz dadi kamin. Iz dadi kamin.

Maganar Nusaiba ce, ɗiyar ƙaninta Jibrin. Jibrin ya daɗe a Aba yana fataucin albasa. Can ya auri 'yar garin, ta haifa masa Nusaiba, ta rasu bara waccan. Bai taɓa yi wa yarinyar Hausa ba. Cewa yake likita za ta zama, gara ta tashi da Turanci a baki. Da rikici ya ɓarke a Kaduna, aka rama a Aba, Jibrin na cikin waɗanda aka rama a kansu. Sule direban babbar mota, shi ma ɗan Banga, yana cikin waɗanda suka sallaci gawar. Shi ya karɓo yarinyar daga hannun maƙwabta, ya kawo ta har ƙofar gidan Ramatu da jakar makaranta a bayanta. Shekarunta shida. Ba ta ga komai ba, kuma ba wanda ya gaya mata komai.

Da zai tafi, Ramatu ta riƙe masa riga.

"Sule, ya zan yi da ita? Ba na jinta, ba ta jina."

"Gwaggo, abu ne mai sauƙi. Duk abin da ta ce miki, ki ce yes. Hankalinta zai kwanta."

Ya kuwa kwanta. Kullum da safe yarinyar za ta kawo safa da takalmin makaranta a sa mata, ta tsaya gaban Ramatu ta faɗi maganar nan. Ramatu ta ce yes. Sai yarinyar ta ɗan taɓa koko, ta je bakin zaure ta zauna. Ba ta wasa da yara. In mota ta wuce ta miƙe, in ta ɓace ta dawo ciki ta sake faɗi, a sake ce mata yes. Wuyanta kullum ƙara tsawo yake.

Zubairu, autansu, yana aiki a sakatariyar sabuwar jiha a Gusau. Ya zo sadakar uku, ya yi wa yarinyar Turanci a gefe, ya kafa doka: kada wanda ya faɗa mata komai. Bayan sadakar arba'in zai zo ya ɗauke ta, matarsa malamar makaranta ce, can ta fi dacewa.

Ramatu ta ce ba ta san wannan zance ba. Ita ta goyi Jibrin, ita za ta riƙe ɗiyarsa. Nata 'ya'yan duk suna maƙabarta, mijin ma haka.

Zubairu ya ce, "Yaya, ko ruwa ta roƙa ba ki sani ba. Riƙon mi za ki yi?"

Arba'in ta matso. Malamin Turancin makarantar Banga ɗan kudu ne, ya tattara ya tafi tun kafin rikicin. Shi ya sa yau Ramatu ta bar yarinyar wurin Mariya maƙwabciyarta, ta hau motar Ƙaura.

Gidan Ɗanasabe yana bayan tashar jirgin ƙasa. Ƙanin mijinta ne, ya yi aikin jirgi a Inugu da Fatakwal har ya yi ritaya. Ta same shi a zaure, rediyo a cinya, yana neman tasha.

"A'a! Matata ce da kanta? Lallai an fara Shari'a, yau an maido mini haƙƙina."

"Kai da haƙoran nan uku za ka riƙe mata?"

"Ukun ma na aro ne, rufa mini asiri." Ya gyara zama, fuskarsa ta canza. "Ya ƙarin haƙuri, Ramatu?"

"Da godiya."

"Allah Ya jiƙan Jibrin."

"Amin."

Ya kira matarsa ta karɓi kayan, aka shimfiɗa wa baƙuwa tabarma a tsakar gida, gindin dalbejiya. Aka kawo fura. Ramatu ba ta sha ba.

"Turanci na zo ka ba ni."

Ɗanasabe ya yi dariya har da tari. "Mudu nawa za a auna miki?"

"Wanda zai sa yarinya ta ci tuwo."

Ya daina dariyar. Ta gaya masa zancen Zubairu da Gusau. Ya saurara yana sosa gemu.

"Turancin duka ba ya shiga kan tsohuwa a wuni ɗaya. Amma akwai wata kalma, in kin riƙe ta, rabin hidimar yaro ta samu. *Come.* Zo ke nan."

"Kam."

"Ita kaɗai ma magana ce. Ki miƙa hannu ki ce *come*. In kina son ta matso kusa da ke, *come here*. In tuwo ya sauka, *come and eat*. Zo ki ci."

"Kam an it."

"Kin ga? Da ubanki ya sa ki boko da yanzu kina Gusau kina ba Zubairu oda. In rana ta yi zafi tana waje, *come inside*. In ta fita kina son ta dawo, *come back*."

Ramatu ta bi su ɗaya ɗaya tana naɗe yatsu. Kam hiya. Kam insai. Kam bak. Matar gidan na gefe tana tsince shinkafa, tana danne dariya. Ramatu ba ta kula ta ba. A karo na biyu ta tsaya cak.

"Tsaya. Kam ɗin nan na san shi. Yana cikin maganarta."

"Wace magana?"

Ramatu ta gyara murya, ta fito da ita yadda ta ɗauko ta, har da ɗaga muryar da yarinyar ke yi a ƙarshe.

"Iz dadi kamin?"

Ɗanasabe ya dube ta. Ya kashe rediyon da ke ta ƙara ƙasa-ƙasa a gefensa.

"Sake faɗi."

Ta sake.

"Yaushe take ce miki haka?"

"Da safe. Da rana. Duk motar da ta wuce."

"Ke mi kike ce mata?"

"Yes. Sule ya ce in riƙa ce mata yes."

Matar gidan ta daina tsintar shinkafa. Ɗanasabe ya cire hula ya shafa kai, ya mayar.

"*Coming* yana zuwa ke nan, yana kan hanya. Mu a tasha kullum ita ce a bakinmu. Fasinja ya zo taga ya tambaya, ka ce masa *the train is coming*, jirgi na nan tafe. Sai ya koma kan kayansa ya zauna. Ko jirgin na Zariya ya lalace, haka za ka ce, don kada a fasa maka taga." Ya dubi Ramatu. "*Daddy* kuwa baba. Tambayarki take yi, Ramatu. Babana na zuwa?"

"Yes ɗin fa?"

"Na'am. Ƙwarai. Yana zuwa."

Ramatu ta zuba wa ƙwaryar furar ido. Wani ƙuda ya sauka a bakinta, ba ta kore shi ba.

"Ashe ni ke zaunar da ita bakin ƙofa."

"Ba ki sani ba."

"Ni ke sa mata takalmi da safe. Har ɗaure mata igiyar nake, ina cewa 'yar birni ba ta son taka ƙasa."

"Allah ba Ya kama mutum da abin da bai sani ba."

"Yanzu na sani."

Ɗanasabe ya ɗauki goron da ta kawo, ya ɓare, bai ci ba.

"Bari in gaya miki, wataƙila Zubairu na da gaskiya. Haka ake yi. Wa ke zaunar da yaro ya ce masa ubanka ya mutu? Cewa ake ya yi tafiya, yaro ya jira ya gaji, ya manta. Mu da Inna ta rasu, ce mana aka yi ta tafi cin kasuwar Shinkafi. Ga shi mun girma, mun yi furfura."

"Yayanka har ya koma ga Allah bai taɓa taka kasuwar Shinkafi ba. Ko shanunsa, wani yake ba ya kai masa. Na yi shekara da shekaru da shi ban san dalili ba sai yau."

Ɗanasabe ya jefa ɓarin goron a baki.

"Ku an yi muku ƙaryar sau ɗaya," in ji Ramatu. "Ni kullum nake sabunta tawa. In gama, in yi alwala, in ta da salla."

"To bari in shirya in bi ki Banga. In zaunar da ita in yi mata bayani a tsanake, yadda za ta gane."

"A'a. Kai baƙo ne. Ka faɗa ka hau mota, ita ta juyo ta dube ni, in ce mi? Bakin da ya ɗaura shi zai kwance. Koya mini."

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya matso da kujerarsa.

"Akwai wata 'yar kalma, *not*. Ita ce 'ba' ɗinsu. *Daddy is coming*, yana zuwa. *Daddy is not coming*, ba ya zuwa. Faɗi."

"Dadi iz kamin."

"Kin yar da ita! Kin ga abin da nake tsoro ke nan. In *not* ta faɗi a hanya, kin sake yi mata alkawari."

"Dadi iz not kamin."

"Kuma."

Ta sake, ta sake. Bakinta ya saba da tsohuwar maganar, ba ya son karɓar baƙuwar kalma a tsakiya. Sai ta riƙa dukan cinyarta duk lokacin da ta iso wurin. Dadi iz, ta doka, not kamin.

"Saura kaɗan," in ji shi. "In kika tsaya nan, yarinya za ta ɗauka yau ne kawai ba ya zuwa, gobe ta sake sa takalmi. Ɗauko *back* ɗin ɗazu ki liƙa a ƙarshe. *Not coming back.* Ba ya dawowa."

"Not kamin bak."

"Sai ta ƙarshe. Ba ta cikin dangin *come*, amma ba makawa. *Daddy died.* Ya mutu."

"Ba wadda ta fi wagga taushi? Kamar yadda muke cewa ya rasu, ko ya riga mu?"

"Akwai. Yaro ba ya gane su."

Aka kira azahar. Ya je masallaci ya dawo, ya same ta inda ya bar ta, ta yi tata sallar, tana dukan cinya. Ya zauna gabanta.

"To, ni ne Nusaiba. Ki amsa mini." Ya ƙanƙance murya kamar ta yaro, matarsa ta fara murmushi. "*Gwaggo, is Daddy coming?*"

"No. Dadi iz not kamin bak. Dadi dayid."

Ya buɗe baki zai sake tambaya, muryar ta ƙi fita. Ya yi gyaran murya, ya tofar da yawu gefe, ya ce goron nan ya bushe, ba a iya zaɓen goro a Banga.

Da zai raka ta tasha ya ce, "Abu ɗaya. In kin faɗa mata, tambayoyi za su biyo. Ba ki da Turancinsu."

"Ba ni su."

"Ban san waɗanda za ta yi ba. Ita ma ba ta sani ba tukuna."

A motar komawa ba ta da kaya, sai ƙwarya wofi da ɗan sukari da matar Ɗanasabe ta ƙulla wa yarinyar. Hadari ya taso daga gabas, ya yi baƙi, ya watse bai zubar ba. A gonakin bakin hanya mutane na ta sharar gona suna ƙona kara. Maza a gaban igiya suna gardama kan ko ruwan bana zai zo da wuri. Ramatu na dukan cinya a hankali.

La'asar sakaliya ta sauka. Tun daga nesa ta hango Nusaiba a bakin zaure, farar safa, baƙin takalmi, hannaye a kan gwiwa. Yarinyar ta miƙe, ta leƙa bayan Ramatu, ta bi motar da ido har ta sha kwana. Sannan ta dubi gwaggonta.

"*Gwaggo, is Daddy coming?*"

Mariya na tsaye a bakin katanga da tsintsiya. "Sannu da hanya. Tun tafiyarki ba ta motsa daga nan ba. Ko ruwa ta ƙi."

Ramatu ta miƙa wa yarinyar hannu.

"Kam insai."

Nusaiba ta zaro ido. Ban da yes, karon farko ke nan da wata magana ta fito daga bakin matar nan ta gane ta. Har ta yi ɗan murmushi. Ta kama hannun, suka wuce tsakar gida, suka shiga ɗaki.

Ramatu ta zauna bakin gado, ta tsayar da ita tsakanin gwiwoyinta. Hannayen yarinyar kamar kara. Ta riƙe su da hannu ɗaya, ta bar ɗayan a kan cinyarta.

"Nusaiba. Dadi iz," ta doka, "not kamin bak."

Yarinyar ta ɗan karkata kai, kamar mai jiran a gyara kuskure.

"Dadi dayid."

A waje akuya na kuka, wani na saran itace can nesa.

"*Like Mummy?*"

Ramatu ta san mami, ta ji yarinyar na kiranta cikin barci. Ta gyaɗa kai.

Nusaiba ba ta yi kuka nan take ba. Magana ta fara. Ta faɗi wani abu gajere, ta jira. Ramatu ta dube ta. Yarinyar ta sake faɗi, ta ƙara wani a kai. Ramatu ta tsinci dadi a ciki, ta tsinci Aba, ta tsinci kam sau biyu, sauran duk suka wuce ta kamar ruwan kwazazzabo. Yarinyar ta fizge hannunta, ta kama wuyan rigar Ramatu tana jijjigawa, tana maimaita kalma guda da ƙarfi, da ƙarfi. Tambaya ce, wannan kam Ramatu ta gane daga yadda muryar ke hawa. Ko yaushe take tambaya, ko a ina, ko wa ya yi, ko wa zai zo ya ɗauke ta, Allah kaɗai Ya sani.

Ramatu ta laluba abin da ta zo da shi daga Ƙaura. Zo nan. Zo ki ci. Shigo ciki. Dawo. Babu wanda ya dace.

"Ban ji ba, ɗiyata," ta ce da Hausa. "Wallahi ban ji ba."

Sai kukan ya zo. Yarinyar ta sake ta, ta tafi lungun ɗaki bayan tulu, ta durƙushe. Ramatu ta buɗe hannaye.

"Kam. Kam hiya."

Ba ta zo ba. Ta zauna a ƙasa ta cisge takalman ba tare da ta kwance igiyar ba, ta jefar da su, ta juya fuska ga bango. Tsakanin shessheƙa tana ci gaba da tambaya, yanzu bangon take tambaya.

Ramatu ta zauna tana saurare. Ta yi tunanin gobe, da jibi, da ranar arba'in da gidan zai cika da mutane, kowa da carbi, babu mai kalma ɗaya da zai ba yarinyar. Ta yi tunanin Ɗanasabe da kuɗin mota da ƙwan zabi, kalma ɗaya a wuni. Kafin ta tara abin da zai amsa tambayoyin yau, yarinyar ta daina yi.

Kukan ya tara mata. Da Ramatu ta leƙo, tsakar gidan ta cika, Mariya a gaba.

"Lafiya, Gwaggo? Kunama ce?"

"Na gaya mata."

"Kin gaya mata mi?"

"Ubanta ya mutu."

Aka ɗauki salati. Wata tsohuwa ta ce wannan wace irin ƙeta ce, yarinya ƙarama. Wata ta ce Zubairu fa ya hana.

Ramatu ba ta dube su ba. "Mariya, maigidanki zai shiga Gusau gobe?"

"Zai shiga, in Allah Ya kai mu."

"Ya biya wurin Zubairu. Ya ce masa kada ya jira arba'in, ya zo da matarsa su ɗauke ta. Tana da tambayoyi, ni ba ni da amsarsu."

Mariya ta saki tsintsiyar. "Ke da kika rantse ba mai raba ki da ita?"

"Awakin nan ki riƙe su. Gonar kuma, in ruwa ya sauka ku shuka gero, kada ta kwana."

"Gonarki? Gwaggo, ke ina za ki?"

Daga cikin ɗaki muryar yarinyar ta sake tashi. Ramatu ta koma ciki, ta ja ƙyauren kwanon ta rufe, ta sa sakata. Ta bayan ƙofar suka ji amsar.

"A ce wa Zubairu ɗakin mutum biyu zai share. Ƙafarta ƙafata."